Tufkar Hagu a Lungun Maƙera

Ranar Asabar da hantsi aka ga munduwar a tagar shagon Bahgat, kafin a kira azahar kuwa Lungun Maƙera ya gama yanke hukunci. Haka muke a wannan lungu namu na tsohuwar Alƙahira. Zinariya sai mun ɗora ta a ma'auni sau uku, amma mutum kallo ɗaya ya ishe mu.

Munduwar ta gidan Hajji Mitwalli ce, wannan ko makaho ya sani. Silin zinariya uku ne aka tufke kamar igiya, da ita mahaifin Hajji ya yi suna fiye da shekara arba'in da suka wuce. Da tsohon mazubinta ya cinye, sai Hajji ya sa aka ɗauki siffarsa aka zuba a kwamfuta, Madam Nirmin mai zane ta yi wata uku tana gyara ta, ana shirin fito da ita sabuwa kafin Sallah. Sai ga ta kwance a kan jan ƙyalle a tagar mutumin da Hajji ya fi tsana a duniya, taku goma daga ƙofarsa.

"Ita ce!" in ji Hajji, yana tsaye a tsakiyar lungu, jijiyar wuyansa ta miƙe. "A hannun wa zanen yake in ba ita ba? Na ɗauko mace na sa cikin maza, ga sakayyata!"

Mu'allim Sidhum, dattijon da ke shugabantar maƙeran lungun, ya ɗaga sandarsa aka yi shiru. Ya ce a haɗu a shagonsa ranar Alhamis bayan la'asar. In ta tabbata Nirmin ce, zai aika da sunanta kowace maƙera daga nan har Iskandariya, wanda Sidhum ya aika da sunansa kuwa ko ɗan kunne ba a ƙara ba shi ya zana. Da wannan aikin take ciyar da 'ya'ya mata biyu da tsohuwar uwa. Sai dattijon ya waiwaya ya ce, "A kira mini Awad."

Aka ja tsaki daga shaguna uku a lokaci guda.

Kakan Awad mai bin sawu ne a hamadar da ke gabas da Aswan, irin wanda zai dubi sawun raƙumi ya gaya maka nauyin kayansa da inda mai shi ya dosa. Jikan bai gaji raƙumi ko ɗaya ba, idon kawai ya gada. Shi ke gyara injunan da ke fitar da siffar kayan ado da kaki kafin a zuba zinariya, shekara tara ke nan, amma har yau ɗan raƙuma ake ce masa. Muna buƙatarsa, ba ma ƙaunarsa, shi ma ya sani.

*

Kwamfutar tana benen shagon Hajji. Washegari Awad ya kunna ta, ya buɗe baƙin allon da ake rubuta umarni, ya nemi jerin abin da aka rubuta a baya. Ya tarar da wurin fayau.

"Wa ya taɓa ta?"

"Ni," in ji Ra'afat, surukin Hajji, mai kula da zubi. Ƙato ne, ya cika bakin ƙofa. "Na wanke ta tas tun jiya. Wa ya sani ko matar nan ta dasa mana abin leƙen asiri."

"Ka wanke."

"Eh. Laifi ne?"

"A garinmu in aka saci raƙumi, wanda ya fito da tsintsiya ya share ƙofar gida shi ake fara ɗaurewa."

Ra'afat ya matso har numfashinsa na dukan fuskar Awad. "Nan ba garinku ba ne, ya Basha mai girma. Nan mutane ke zaune, ba dabbobi ba. In kana da magana ka faɗe ta a gaban Hajji, mu ga wanda zai kwana a lungun nan."

Awad ya mai da idonsa kan allon. Zanen da Nirmin ke yi, injin kaki ba ya iya karanta shi, dole a sauya fayil ɗin zuwa irin wanda injin ke ci. Hanya biyu ce. Ko daga cikin manhajar zanenta, wadda ita kaɗai ta san mabuɗinta, ko da wata 'yar manhaja marar hoto da shi Awad ya sa wa rabin lungun, wadda ake rubuta wa umarni layi guda a baƙin allo. Jiya da safe amsar ko wa ya sauya fayil ɗin tana nan a rubuce. Yanzu wannan ƙaton ya bi ta kai ya tattake, yana kuma jiran a gode masa.

*

Nirmin tana zaune a matakalar bene, jakarta a cinya, don an hana ta shiga. Ba ta yi kuka ba, idonta a bushe yake kamar na mai zazzaɓi.

"Kai ma ka zo ka auna ni?" ta ce. "Nawa Hajji ya ba ka?"

"Mu'allim Sidhum ya aiko ni, Madam. Kin taɓa sauya fayil ɗin munduwar?"

"Ban gama ba balle in sauya. Maɗaurin ya rage. Akwai wani ɗan ƙarce-ƙarce a cikinsa, kamar sawun kaza, na ce a goge, Hajji ya ce kada in taɓa hannun mahaifinsa. Hannun mahaifinsa! Wata uku ina jin wannan waƙar."

"Wa ke hawa benen nan?"

"Ni, da Ra'afat, da Usta Ashur in zai yi hatimansa. Ka je ka tambayi Ra'afat shayin da ya sha da Bahgat ranar Talata, tunda kai mai bin sawu ne."

Ya bi wannan sawun kwana guda cur, ya ƙare a banza. Ra'afat ya zauna da Bahgat, gaskiya ne, amma a kan tattabaru. Dukansu masu kiwo ne a saman soro, ɗaya ya kama na ɗaya, mutum huɗu suka shaida zagin da suka yi wa juna har da ambaton iyaye.

*

Mutum ɗaya ne a lungun nan yake ajiye wa Awad kujera. Ashur mai sassaƙa hatimi, wanda ake kira Usta saboda ƙwarewarsa, ya haura saba'in, kuma tun yana saurayi yake zaune a kusurwa ɗaya ta shagon gidan Mitwalli. Ranar da Awad ya sauka a Alƙahira da jaka ɗaya, shi ya raba masa gurasa da wake, shi ya nemo masa ɗaki. Kullum da hantsi mai shayin lungu kan kawo musu kofi biyu ba sai an gaya masa ba.

Shekara uku ke nan hannun tsohon ya fara rawa. Nirmin ce ke zana sunayen masu hatimi a miƙe don mai kaya ya gani ya yarda. Amma hatimi a juye ake yinsa, kamar a madubi, in ba haka ba in aka buga shi a takarda sai sunan ya fito baibai. Ashur ya rantse ba wanda zai juya masa suna, don a juyin nan sana'arsa take. Sai Awad ya rubuta masa layin umarni guda a bayan katin gayyatar biki, ya ce sunan fayil kawai zai riƙa canzawa. Katin na aljihun gabansa kullum, ya yi laushi kamar tsumma.

"Ka rame, ɗana," in ji Ashur ranar Litinin, kofin na kaɗawa a hannunsa. "Me ya kai ka rigimar masu kuɗi?"

"Za su kashe wa Nirmin sana'a, Ammu," in ji Awad, don haka yake kiransa, wato baffa.

"Yarinya ce, tana da takardu. Ta tafi kamfani. Kai ka ce ba ka ga komai ba, an wanke kwamfuta, magana ta ƙare."

"Kana ganin ita ce?"

Tsohon ya hura shayinsa. "Ni me na sani? Shekara hamsin ina kusurwar nan ba wanda ya tambaye ni ra'ayi."

*

Bahgat ya tarbe shi da dariyar da ba ta kai ido ba.

"Zanena ne. Mafarkinsa na yi. An hana mafarki?"

"Ba ni fayil ɗin in gani."

"Ka ji ɗan raƙuma! Ka zama ɗan sanda ne ban sani ba?"

Awad ya dubi injin kakin da ke gurnani a bayan shagon. "Injin nan naka kansa ya kusa toshewa, ina jin muryarsa. In ya tsaya ana saura mako biyu Sallah, ka nemo wani ɗan raƙuman."

Dariyar ta ɗauke. Bahgat ya zagi uwar injin da wanda ya ƙera shi, sannan ya jawo aljihun tebur ya jefo masa ɗan filash. A ambulan ya tsince shi, in ji shi, an turo ta ƙarƙashin ƙofa, ba suna, ba a kuma nemi ko fam ɗaya ba. "Wani ya tsani Hajjinku fiye da ni, Allah ya yi masa albarka. Ɗauki munduwa ɗaya ma ka tafi da ita, amma ka sa hannu."

Ɓarawon da bai nemi kuɗi ba. Wannan ya tsaya wa Awad a rai har ya isa ɗan shagonsa.

Ya buɗe baƙin allo ya leƙa kan fayil ɗin. Kowace manhaja takan bar sunanta a layin farko, kamar tambarin wuta a cinyar raƙumi. Ba ta Nirmin ba ce, 'yar manhajarsa ce. Wannan bai wanke kowa ba, Ra'afat ya iya ta, Nirmin ma za ta iya koya. Sai ya ɗauko tsohuwar munduwa ta asali da Hajji ya ara masa da ƙyar, ya ajiye ta gefen ta Bahgat. Ya auna faɗi, ya auna kauri, ya ƙirga murɗin. Daidai suke, ba bambanci.

Da ya gaji da kallo sai ya rufe ido ya bi su da babban yatsa, yadda kakarsa ke duba igiyar gashin akuya. A kan ta asali yatsan ya zame dama. A kan ta Bahgat ya zame hagu.

Ya buɗe ido. An juya munduwar gaba ɗaya kamar a madubi, kuma da yake igiya ce ba wanda ya lura. Layukan umarni da ya rubuta wa mutanen lungun nan sun kai talatin, ya san su ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya tak ne yake da kalmar juyi a ciki, kuma a bayan katin biki yake. Sai ya yi da-na-sanin ranar da ya gaji idon kakansa.

*

Laraba da hantsi kofi biyu suka iso kamar kullum. Awad bai taɓa nasa ba.

"Ammu, tufkar ta juya hagu."

Hannun tsohon ya daina rawa, abin da Awad bai gani ba shekara uku.

"Layin da na rubuta maka yana juya duk abin da aka ba shi. Bai san hatimi ba, bai san munduwa ba. Ka je wurin Mu'allim Sidhum yau da ƙafarka, zai sassauta. Ni zan raka ka."

"Wakena ka ci," in ji Ashur a hankali. "Ranar da ka zo kana warin jirgin ƙasa, wa ya dube ka? Duk lungun nan suna toshe hanci. Yau ni za ka bi wa sawu?"

"Tana da 'ya'ya biyu."

"Ni ba ni da kowa, sai ka fara da ni ko? Tashi daga kujerata. Gobe ka faɗi abin da za ka faɗa, mu ga wa za a yarda da shi, ni ko kai."

Awad ya tashi. Ya so a ce tsohon ya mare shi, da ya fi sauƙi.

*

Shagon Sidhum ya cika ranar Alhamis har waje. Hajji na kan kujera, Ra'afat a bayansa, Bahgat ya jingina da ƙofa yana jan carbi kamar ɗan kallo. Nirmin na tsaye ita kaɗai, an bar mata fili kamar mai cuta. Ashur na can kusurwa, inda ya saba.

Awad ya ajiye mundaye biyu a kan tebur ya ce Sidhum ya shafa. Dattijon ya shafa, ya sake shafawa, ya ɗaga gira.

"Ta juya ta ne don ta ɓad da sawu!" in ji Ra'afat.

"Mai son ɓad da sawu da ta canza murɗin, ko ta goge ƙarcen da ke cikin maɗauri, aikin minti biyu ne a wurinta," in ji Awad. "Wanda ya yi wannan bai ma san ya juya ta ba. Bai iya buɗe zane ba. Layi ɗaya ya iya a duniya, layin kuma yana juya komai, don na masu hatimi ne." Ya juya wajen kusurwa. "Ni na rubuta shi. Yana aljihun Usta Ashur."

Shagon ya ɗauki hayaniya. Wani ya ce butulu, wani ya ce dama ƙarshen baƙo ke nan. Ba Ashur ake zagi ba, Awad ake zagi.

Tsohon ya miƙe, ya zaro katin ya ɗaga sama. "Wannan? Rigata tana rataye a ƙusa duk lokacin da na shiga alwala. Kowa zai iya ɗauka ya kwafa. Ita ma tana da ido."

Aka yi ta gyaɗa kai. Awad ya ga maganar tana zamewa daga hannunsa, ya ga Nirmin ta rufe ido.

Sidhum kuwa bai ɗago ba. Ya manna gilashinsa na maƙera a ido yana duba ƙarcen da aka ambata a maɗaurin munduwar Bahgat. Ya daɗe. Sannan ya ɗauki ta asali ya duba, ya koma kan ta Bahgat.

"Hajji, wannan ƙarcen ka ce hannun mahaifinka ne?"

"Adonsa ne. Haka yake sa wa."

"A taku ado ne. A wannan da aka juya, rubutu ne." Dattijon ya cire gilashin. "An rubuta Ashur."

Kowa ya juya ya dubi Ashur. Tsohon ya tako a hankali, mutane suna matsa masa. Ya karɓi gilashin, hannunsa na rawa har sai da Sidhum ya riƙe masa munduwar. Ya duba, ya duba, kamar ba zai ɗago ba.

"Shekara arba'in da ɗaya," ya ce, "ban taɓa ganinsa a miƙe ba."

"Usta, ka san abin da kake faɗa?" in ji Sidhum.

"Na sani. Ni na sassaƙa mazubin nan, wata biyar, uban Hajji yana wurin shan shisha. Ya ce ma'aikaci ba ya sa suna, sai na sa shi yadda zai fito a juye, ba mai karantawa. Na haƙura. Sai ga wannan yana shirin buga takarda da hoton ubansa, wai hannun marigayi. Na ce masa, Hajji, ko a ƙasan takardar ka ambace ni. Ya ce in sha shayina." Ya juya ya dubi Hajji. "Ni na kai wa Bahgat. Kayana na bayar."



Nirmin ce ta yi magana, muryarta ba ta ko girgiza ba. "An danne maka suna, Usta, na ji. Shi ya sa ka zauna kwana biyar kana shan shayi ana yanka nawa?" Ta ɗauki jakarta ta dubi Hajji. "Kai kuma ka nemi mai ƙarasa maka maɗaurin." Ta fita, ba ta ce wa Awad ko sannu ba, kuma ba wanda ya isa ya ce ta yi laifi.

Sidhum ya yanke hukunci a taƙaice. An wanke Nirmin. Ashur ba zai ƙara zama a wata maƙera ta lungun ba, ba don munduwar ba, don shirun da ya yi. Tsohon bai roƙi kowa ba. Da zai wuce ya ajiye katin a gaban Awad ba tare da ya dube shi ba.

"Rubutunka ne. Riƙe abinka."

*

Asabar da ta zagayo, Bahgat ya kafa ɗan allo a tagarsa da ruwan zinariya: Aikin Usta Ashur. Mata suka yi layi. Mai sunan kuwa an ce ya koma wurin 'yar ƙanwarsa a garin Tanta, ko kayan aikinsa bai ɗauka ba. A kusurwarsa Ra'afat ya riga ya jibge buhunan garin zubi.

Awad ya bi ta lungun da jakar aikinsa. Waɗanda da suke ce masa ɗan raƙuma yanzu ba sa ce masa komai, kai kawai suke kawarwa. Ya tsaya a gaban tagar ya karanta sunan, a miƙe, da manyan baƙaƙe, sannan ya wuce ya zauna a dakalin ƙofar shagonsa.

Mai shayi ya iso da faranti, kofi biyu a kai, don hannunsa ya saba. Ya tsaya yana duban kofin na biyu, yana duban Awad.

"In mayar?"

"Ajiye," in ji Awad.

Ya sha nasa. Ɗayan yana nan a kan dakali har ya huce.